Jinin da Na Ƙirga Shekara Huɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Abalak lafiya, kin sami ɗakin da aka ce za a ba ki kusa da lekol, makarantar da za ki koyar, ruwan garin kuma ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a zamanki da fitarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa yaran da za ki koya wa karatu su zama masu jin magana. Babanku da ƙanwarki suna gaishe ki.

Ki yi mini gafara da na ɗora miki karatun doguwar takarda a satinki na farko, ga gajiyar hanya ga sabon aiki. Na so in faɗa miki maganar nan a tasha. Na riƙe miki jaka, na buɗe baki, sai na ji kaina ina ce miki kada ki manta da yajin da ke cikin leda. Waya kuma kin san halinta a gidanmu, ba a amsa ta sai kowa ya ji. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Wata shida ke nan ina lura da ke. Da can fashin sallarki kwana shida ne. Sai na ga ya koma tara. Watan jiya goma sha biyu na ƙirga. Bayan kin koma salla kuma, na ga kina sabunta alwala ga kowace salla, ko da ba ki tashi daga wurin ba, ni kuwa na san ma'anar wannan, jinin bai ɗauke ba. Na ga kina tauna ƙanƙara kamar gyaɗa. Na ga kin ajiye bokiti sau biyu tsakanin famfo da madafa kina mayar da numfashi, ke da kike ɗaukar biyu a tare. Abin da nake so da ke guda ɗaya ne, ki je a duba ki a asibiti, yanzu, ba sai hutun ƙarshen shekara ba. Na san in na faɗa miki haka kawai za ki ce to, ki bar shi nan. Don haka zan gaya miki abin da ya same ni, wanda aka ce miki ciwon ciki ne.

Kina da shekara bakwai abin ya fara, muna zaune Barmu, ƙanwarki ba ta daɗe da yaye ba. Jinin wata ya zo bai tafi ba. Kwana takwas, kwana goma, yana fita guda-guda. Tsoron da ya fara kama ni ba na jikina ba ne, na salla ne. Na ce kada in yi salla cikin rashin tsarki, kada kuma in bar sallar da ta wajaba a kaina. Na ɗauki mayafi na tafi wurin Malama Aisa, matar limamin unguwarmu, wadda ta koya mana hukuncin tsarki tun muna ƴan mata.

Ta ce, "Al'adarki kwana nawa ce?"

Na ce shida.

Ta ce, "To ki ƙara uku. In bai ɗauke ba, ki yi wanka ki yi sallarki, wannan ba haila ba ce kuma, istihala ce. Ki dai tsare tufanki, ki riƙa sabunta alwala. Kada ki taɓa wuce goma sha biyar."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini damin hatsi daga kai. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Habsu, in ya daɗe ki nemi magani fa." Na ce to, Malama. Amma na riga na sami abin da na zo nema, kunnena ya rufe.

Daga ranar na shiga ƙirga. Kowane wata na yanki zare, kowace safiya da na ga jini na yi ƙulli ɗaya, inda na yi wanka kuma na ɗaura jan zare don in san iyakar fashin salla. Ina ajiye su cikin wata ƴar kwalla ƙarƙashin gado. Ban taɓa kuskure ba. Azumin da na sha na rama shi cif, har in ƙara ɗaya don kokwanto, ina ramawa ina ganin duhu-duhu in na miƙe tsaye. A zuciyata na ɗauka tunda na tsare haƙƙin Allah, to na gama da maganar.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne babba. Ban ɗora wa Malama laifi ba, abin da na tambaya shi ta amsa, kuma daidai ta amsa. Ni ce na tafi da tambaya ɗaya alhali biyu gare ni. Yaushe zan yi salla, wannan ta malamai ce. Me ya sa jinin yake zuba, wannan ta likita ce, kuma ita ce ban kai wa kowa ba. Na san kin iya hukuncin nan kamar yadda na iya, don na ga yadda kike kiyaye shi. Ina jin daɗi. Amma jikin nan ma amana ne aka ba ki, za a tambaye ki a kansa.

Babanku a shekarun nan yana Abijan kamar sauran mazan garinmu, yana tafiya bayan kaka, ya dawo in ruwa ya sauka. Ranar Juma'a yakan kira ta wayar ƙanensa, a tsaya a tsakar gida ana miƙa ta hannu zuwa hannu, kakarki ta yi, Goggo Rabi yayarsa ta yi, sannan a ba ni, kowa yana kallon bakina. Ya ce, "Ina gida? Ina yara? Ke lahiyarki?" In ce, "Lahiya lau." Da me zan fara a gaban uwar miji? Na ce wa kaina mace ba ta fita zuwa asibiti ba izinin mijinta, bari ya dawo. Da ya dawo kuma, sai in ga mutum ya rame, ga gona tana jiransa, in ce bari a gama noma. A gama noma, in ce bari a gama girbi. A gama girbi ya ɗaura jaka. Wata huɗu muna ɗaki ɗaya ina ɓoye masa. Tsummokaina a bayan rumbu nake shanya su, in rufa musu tsohuwar tabarma, wani lokaci in ɗauke su da sauran danshi don kada wani ya gani. Ya ga ina janye jiki daga gare shi, ya ɗauka ƙi ne. Shekara biyu akwai wani sanyi tsakaninmu wanda ba shi da dalili sai shiruna.

Ba ki da miji tukuna, amma ki riƙe wannan don gaba. Wanda kike ɗaki ɗaya da shi, in kika ɓoye masa ciwo, zai cike gurbin da zato, kuma zaton ya fi ciwon muni a wurinsa. Ki nemi lokacin da babu kowa ki faɗa masa da kalmomin da abin yake da su.

Goggo Rabi ce ta fara ganewa, don ta taɓa ɗaga tabarmar nan tana neman kazarta. Ba ta tona ni ba, Allah ya ji ƙanta, tana sona. Ta kawo mini jiƙon bagaruwa, ta ce yana tsuke ciki. Ta ce in riƙa shan zoɓo mai kauri, tunda ja ne zai mayar da abin da ya zuba. Na ce, "Yaya, ko in tafi likita?" Ta riƙe haɓa.

"Ki kai musu mi? Su kwance ki kamar buhun albasa, maza na kallo? Kowace mace da irin jininta. Ni da kike gani na yi shekara ina fama, da na samu cikin Hadiza ya ɗauke. Ki samu ciki kawai."

Na sha bagaruwa har harshena ya yi kaushi. Wani watan jinin ya ragu, in ce magani ya ci. Wata na gaba ya dawo ya fi na da. Cikin kuwa bai samu ba. Ba na raina itatuwan da Allah ya halitta, ke ma da su na yi miki maganin basir da na haƙori. Amma abin da ke cikin mahaifa ba a ganinsa daga waje, mai ba ki jiƙo kuwa zato take yi komai ƙaunar da take miki. In matan gidan da kike haya suka kawo miki nasu, ki gode musu da kyau, kada ki bari ya zama dalilin ƙara wata ɗaya.

A shekara ta uku akwai wata mata da ke zuwa kasuwar Barmu daga arewa tana sayar da cuku, sunanta Lalla. Mun saba, ina sayen nata don ba ta cika masa gishiri. Ran nan na durƙusa ina zaɓa, da zan miƙe sai na dafa ƙasa. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ba ta nemi izini ba ta sa yatsa ta ja fatar idona ƙasa.

Ta ce, "Ke, cikin idonki ya fi cukuna fari. Ina jininki ya tahi?"

Na ce zafin rana ne.

Ta yi dariya. "Rana gare ki ke kaɗai? Mu a inuwa muka taho? Faɗa mini gaskiya, wata nawa yana zuba?"

Ban san abin da ya sa ba, sai na gaya mata. Har na yi mata bayanin zarena, da yadda ban taɓa rasa salla ba, ina jin kamar za ta yaba.

Ta ce, "Sannu malama. To bayan kin ƙirga, wa kika kai wa? Ni ban yi karatu ba, amma akuyata in ta yi kwana uku tana zubar da jini, ba na zama in ƙulla mata zare." Sai fuskarta ta canja. Ta ce yayarta ta yi shekara biyar da daina al'ada, sai jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan, mata suna yi mata ba'a wai ƙuruciya ta dawo. Lokacin da aka kai ta babban asibitin Tawa an ce ciwon ya riga ya ci wuri. Ba ta ga wata damina ba. Ta ce, "Gobe ki tahi. In ba ki da mai raka ki, ni in kwana garin nan in raka ki."

Kin san abin da na yi? Na ji haushi. Na ce a raina, mai cuku ce za ta haɗa ni da akuya a tsakiyar kasuwa. Na tashi ban saya ba, na koma sayen na wata. Watanni ina kauce wa layinta. Ban sake ganinta ba har muka bar Barmu, ban taɓa gode mata ba, kuma har yau ina sa ta a addu'a. Mutum ɗaya da ya gaya mini gaskiya cikin shekara huɗu, shi na yi wa fushi. Watakila ke ma kina karanta takardar nan ranki yana ɓaci, kina cewa ashe ƙirga mini kwana ake yi a gida. Kina da gaskiya. Ki yi fushin, amma ki je.

Bayan kaka ta shekara ta huɗu, babanku bai fi sati uku da tafiya ba, muna sussuka da hantsi a bayan gari. Na ɗaga taɓarya, sai na ji wani ɗumi ya sauko mini har ƙafa, kunnuwana suka toshe. Ban san sauran ba. An ce a amalanken jaki aka kai ni likitar gari, wato ƙaramin asibitinmu, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, aka nemi mota zuwa Tawa. Ke kina lekol a lokacin, aka ce miki na yi ciwon ciki, kika koma ɗakin Goggo Rabi. Jini leda uku aka ƙara mini, kawunki ya ba da ɗaya.

Da na farfaɗo, wata sajfam, wato ungozomar asibiti, ta zauna bakin gadona da takarda. Ta kai sa'ar uwata. Ta ce, "Ɗiyata, tun yaushe?" Na fara karanto mata, watan farko goma, na biyu goma sha ɗaya, watan azumin bara goma sha bakwai, haka har na kai ƙarshe. Ta ajiye biro tana kallona.

Ta ce, "Duk wanga a kanki yake?"

Na ce a zare yake, amma na hardace.

Ta ce, "Shekara ashirin ina aikin nan, mata na zuwa ba su san ko watan jiya kwana nawa suka yi ba. Ke kin zo da na shekara huɗu ba kuskure. Da na wata uku kawai kika kawo mana, ai da mun gode."

Ba faɗa ta yi mini ba, a hankali ta faɗa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ɗauki hoton ciki, aka ga ƙari a mahaifa, ba ɗaya ba, babban ya fi goruba girma. Likita ya ce ba mugun ciwon nan ba ne, alhamdu lillahi. Ya ce da na zo da wuri akwai hanyoyi, ko magani, ko a cire ƙarin a bar mahaifar. Yanzu da yadda suka yi yawa da yadda jinin ya ƙi tsayawa, ba abin da ya rage sai a cire ta gaba ɗaya. Shekarata talatin da uku. Wannan shi ne dalilin da ya sa ku biyu ne kawai, ke da ƙanwarki. Na san Allah ne mai bayarwa, kuma na yarda da abin da ya rubuta. Amma ba zan ɓoye a bayan ƙaddara ba, an ba ni shekara huɗu, ƙafafuna suna tafiya, likitar gari kuma ba ta fi tafiyar zuwa rijiya nisa ba.

Babanku ya iso bayan kwana huɗu a hanya, da ƙurar mota a gemunsa. Ya zo ya tsaya a kaina. Sannan ya ce, "Habsu, shekara huɗu? Ina can ina tura kura cikin rana dominku, ke kina nan kina ƙarewa, kina ce mini lahiya lau?"

Na ce, "Izininka nake jira."

Ya ce, "Izinin mi? Yaushe kika tambaya na hana?"

Ya fita waje, na hango shi ta taga yana share ido da hularsa. Bai sake komawa Abijan ba, shi ne muka taso Tawa ya kama sana'ar da kika san shi da ita.

Uwani, ban ce abin da ya same ni shi ne ya same ki ba. Ni ba likita ba ce, kuma kada takardar nan ta hana ki barci. Sajfam ɗin nan ta gaya mini dalilan suna da yawa. Na wata ƙwayoyi kaɗan ne suke daidaita shi, wata kuma ƙarin jini kawai take buƙata da lura, musamman ƴan mata irinki. Sai an duba ake sani. Abin da ta ce in gaya wa duk macen da na isa da ita shi ne, jinin da ya wuce sati, ko mai fita guda-guda manya, ko wanda ke sa ki canja auduga tun ba a jima ba, ko wanda ke ɓullowa tsakanin wata da wata, duk a kai shi asibiti. In kuwa ya ɓalle da ƙarfi har kina jin jiri da bugun zuciya, ranar za ki je, ko kina tsakiyar aji. Na gaya wa matan unguwa da yawa wannan maganar. Har ƴar maƙwabciyarmu na raka da kaina.

Ke ce kawai ban gaya wa ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo, don na yi shi bayan na san komai. Ke ce ƴar farina, ga sunan kakarki a kanki. Haka aka rene mu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a sakin fuska da shi, balle irin wannan magana. Ranar da kika fara al'ada ma Goggo Rabi na tura miki. Wata shidan nan ina ganinki kina yin fari, abin da na iya kawai in ƙara miki hanta a miya, in zuba miki zogale da yawa, in juya baya. Na ga ina maimaita shirun da ya kusa kashe ni, wannan karon a jikinki. Kunya abu ne mai kyau, da ita na rayu, amma ba a nan ba. Ki yafe mini.

Na san abin da ya tsaya miki a wuya, don ni ma na yi tunaninsa. Budurwa ce ke, baƙuwa a gari, malamar lekol da kowa ya san fuskarta. In aka gan ki a bakin matarnite, asibitin haihuwa, kafin ki dawo gida an yi miki ciki an zubar. Ba zan ce miki ba za a faɗa ba, ana iya faɗa. Maganar mutane takan yi sati biyu su sami wata, abin da aka cire mini kuwa bai dawo ba. Duk da haka ba na so ki tsaya ke kaɗai. In akwai dattijuwa a gidan da kike wadda hankalinki ya kwanta da ita, ki roƙe ta ta raka ki. In babu, ki nemi izinin kwana biyu wurin shugaban lekol ki shigo mota, ni zan kai ki nan Tawa, in zauna kusa da ke a benci, wanda zai yi magana sai ya fara da ni. In ba a ba ki izini ba, ni zan zo. Ban gaya wa babanku komai ba, sirrinki ne. Na dai ce masa watakila tafiya Abalak ta kama ni, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai tambayi dalili ba.

In kin shiga wurin likita kada ki rage komai. Ki faɗi kwanakin yadda suke, da yawan abin da ke fita, da jirin, da ƙanƙarar da kike ci. Kada ki ce da sauƙi don an tambaye ki da fara'a. Ƙwayoyin da za a ba ki ki shanye su har ƙarshe ko kin ji ƙarfi ya dawo. Azumin nafila kuma ki dakata da shi sai an duba ki.

Ina roƙon Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya rufa miki asiri duniya da lahira. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa albarka a aikinki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da mutanen gidan da suka karɓe ki.

Ki amsa mini da wuri, don Allah. Ba sai kin yi dogon bayani ba. In kin ji nauyin rubutawa, ki kira wayar gida, in an miƙo mini ki faɗi ranar kawai, Talata ko Asabar, da inda za mu haɗu, can ko nan. Zan gane. Ina jira kafin Juma'a mai zuwa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Habsatu